Burtuntuna a Kaurar Tsohuwa

Ƙarfi,
4 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga taubashina, Malam Abdussamad,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya Fiddausi da yara. Mu nan sai godiya, in ban da gwiwata ta hagu da ke sanar da ni hadari tun kafin ya haɗu. Yaya Iliya ma lafiyarsa ƙalau, har ta yi masa yawa.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tun da aka ɗauke mana layin waya saboda 'yan bindiga muka koma zamanin iyayenmu. Isah direba, mai jigilar Malumfashi zuwa Zariya, shi zai kawo maka.

Kaurar Tsohuwa ta kamu da burtuntuna.

Ka san dawar da nake nufi, ko da yake cin biredin Zariya ya mantar da kai abubuwa da yawa. Wadda kakarmu Tsohuwa ta zo da ita a ƙullin zane ranar da aka kawo ta ɗakin miji. Ita ta bar wa Inna, Inna ta bar mani. Ba a sayar da ita a kasuwar Bakori, ba a sayar da ita a ko'ina. Kowace kaka, kafin a kwantar da kara, nakan shiga gayaunata in zaɓi zangarniyar da ta fi cika, in ɗaure, in rataye saman murhu hayaƙi ya tsare ta daga ƙwari. In damina ta matso in sussuke a turmi da hannuna. Haka na ga ana yi, haka nake yi tun da mijina ya rasu na dawo gidanmu.

Bara kuwa 'yata Adawiyya ta haihu, na tafi Funtua na zauna mata jego. Ina can Yaya ya kira masu injin casa. Da suka gama da dawar gandu sai ya shiga madafina ya sauke damin irina ya ce a jefa. Wai yana rage mani wahala. Na dawo na tarar da iri a buhu. Na yi faɗa har muryata ta dishe, na gaji, na shuka.

Yanzu dawa ta fitar da kai. Ka kama zangarniya ka ga inda ya kamata ƙwaya ta zauna wata 'yar jaka ce doguwa mai ruwan toka. Ka matsa ta fashe, baƙin gari ya ɓata maka yatsa kamar ka shafi gindin tukunya. Wajen kashi ɗaya cikin uku na gonata haka yake. Kuma ba ni kaɗai ba. Gida uku na ba iri bana: Rabi maƙwabciyata, da Malam Sadiq mai karantar da yara, da gidan Sabo Bamaguje na hayin rafi, wanda matarsa Tani ke musayar iri da Inna tun muna yara. Duka ukun sun kamu. Wanda bai karɓi irina ba, gonarsa fes.

Ka san garinmu. Jiya Rabi ta leƙo ta katanga ta ce, "Malama, bana da me kika shafa irin nan?"

Na ce, "Da man kitso, Rabi. Irin wanda kika ara tun Sallah."

Wasu sun ce hannun mace mai takaba ne, alhali takabata ta girmi 'ya'yansu. Wasu sun ce yawan karance-karance ne ya sa na raina tofi. Wannan duk bai dame ni ba, na koyar da rabinsu a firamare, na san iyakar kansu. Abin da ya dame ni Yaya. Ya fara cewa irin tsofaffi ya gaji, lokaci ya yi da gidan nan zai koma irin kamfani.

Kai ne ka tsufa kana leƙen ganye a madubi mai ƙara girman abu. To ga ranarka ta zo. Mece ce wannan cuta, ta ina ta shigo, yaya take hayayyafa? Kuma abin da na fi son ji, ana iya ceton irin? Na ƙulla maka zangarniya biyu a leda. Amsar kuwa, ka ba Isah ya danƙa mani hannu da hannu.

Taubashiyarka,
Hansai

Samaru, Zariya,
13 ga Oktoba, 2021

Zuwa ga Malama Hansai,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same mu lafiya. Fiddausi na gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Ni ma hawan jini ya ɗan taɓa ni, amma da sauƙi. Na ga bakinki bai yi ritaya tare da ke ba. Biredin Zariya kuwa, in kin zo zan saya maki.

Na duba zangarniyar a madubi. Ba shakka cutar a jikin irinki ta zo, kuma duk gonar da aka shuka shi dole ta kamu.

Bari in yi maki bayani daki-daki. Burtuntuna dangin fumfuna ce, mu a wurin aiki muna kiran zuriyarsu Sporisorium. Suna da yawa, wata ta dawa, wata ta rake, wata ta ciyawa. Taki ita ce mai zama a gurbin ƙwaya. Baƙin garin da ya ɓata maki yatsa shi ne 'ya'yanta, kuma abin da ke cikin jaka ɗaya ya fi ƙarfin ƙirga. Idan jakar ta fashe wajen casa, garin yakan manne a bayan lafiyayyar ƙwaya, ya kwanta duk rani, ba ya ci ba ya sha. Ranar da aka shuka, danshin da ya tayar da dawa shi ke tayar da shi.

Ga abin da ke ba ni mamaki har yau. Idan garin ya farka, yakan fitar da wasu ƙananan 'ya'ya kala biyu. Ba a ce masu mace da namiji, don a ido ba su da bambanci, amma kowanne shi kaɗai ba ya iya cutar da komai. Sai ya sami kishiyar kalarsa sun haɗe sun zama ɗaya, sannan su fitar da wani siririn zare ya huda tsiron dawa tun bai leƙo ƙasa ba. Daga nan zaren ya riƙa hawa a cikin kara, yana bin kan tsiro sannu a hankali. Dawa ta yi kore shar, manomi ya yi noman farko, ya yi maimai, ya zuba taki, yana murna. Sai ranar da za ta yi 'ya'ya, zaren ya riga ta shiga gurbin ƙwaya ya zuba nasa. A casa, jaka ta fashe, a sake komawa farko.

Saboda haka wannan kalar ba ta tsallaka daga kara zuwa kara a gona, kuma ba ta daɗewa a ƙasa. Wurin casa take samun abin hawa. Injin da ya casa dawa mai burtuntuna a wata gona, in ba a share shi ba, ya zama mai raba ta gida-gida. Ina kyautata zaton nan irinki ya ɗauko ta.

Amsar tambayarki ta ƙarshe: ƙwarai ana iya ceto. Cutar a bayan ƙwaya take, cikinta lafiya lau. Ki yanki zangarniyar da ba ta kamu ba kafin girbi, ki ware ta, kada ta kusanci inji. Kafin shuka ki cuɗa irin da garin maganin iri da ake sayarwa a shagunan kayan noma. Shi ke nan. Kaurar kakarmu ba ta gaji ba.

Na so in zo, amma kin san halin hanya.

Taubashinki,
Abdussamad

Af, na rubuta sunan Yaya Iliya a bayan ambulan. Ban ga ya kyautu takarda ta shiga gidansa ba da saninsa ba. Ki miƙa mani gaisuwa.

Ƙarfi,
1 ga Nuwamba, 2021

Abdussamad,

Sallama. Ina gaida Fiddausi, ita ba ta yi mani komai ba. Allah ya sauƙaƙa hawan jinin, ko da yake ka aiko mani da rabona. Gwiwa tana nan.

Na ce hannu da hannu. Da Hausa na rubuta. Wace kalma ce ta yi maka tsauri?

Isah ya ga sunan Alhaji Iliya a ambulan, ya kai wa Alhaji. Takardar ta yi kwanaki a aljihunsa ban sani ba, ina ta zaginka a zuci wai ka share ni. Ranar Juma'a bayan la'asar maza suka taru a ƙofar gida, ya fito da ita ya miƙa wa Malam Sadiq ya ce, "Karanta mana, likitan shuka ya yi magana." Ina cikin zaure zan fita, na ji sunana na tsaya.

Ya karanta gaisuwa. Ya karanta biredi, aka yi dariya. Sai ya kai inda ka ce ba shakka cutar a jikin irina ta zo. Yaya ya ɗaga hannu.

"Tsaya nan, Malam. Maimaita."

Ya maimaita. Wuri ya ɗauka. Wannan ya ce ai dama ya faɗa, wancan ya ce shi tun a mafarki ya gani. Malam Sadiq ya ɗan ci gaba, ya yi karo da sunan nan naka na Turawa, ya yi tuntuɓe sau biyu, ya naɗe takarda.

Na ɗaga murya daga zaure na ce, "Malam, da saura! Ka juya bayanta!"

Yaya ya ce, "Malama, koma ciki. Ɗan'uwanki ma bai goyi bayanki ba."

Na ce, "Ai ba a gama jin ta bakinsa ba."

Ya ce, "Likita in ya faɗi cuta ya gama magana. Sauran Turanci ne."

Sai washegari matarsa Najiba ta zaro mani takardar daga aljihun rigar wanki. Na karanta sau uku. Bayaninka ya yi kyau, ba zan hana ka ba. Na fahimci komai, har na ga zaren nan a idona yana hawa cikin kara muna yi masa noma. Amma wane irin mutum ne ke sa hukunci a layin farko ya ɓoye magani a gindin shafi na biyu? Ɗalibanka kake rubuta wa? Su dole su kai ƙarshe don akwai jarrabawa. Yaya ba ya jarrabawa.

Na same shi a zaure na karanta masa wurin inji da wurin magani. Ya saurara yana sakace. Da na gama ya ce, "Wa ya san abin da ke rubuce? Ke ce mai karatun, ke ce mai ƙarar." Ka gane? In ya yarda da shafi na biyu, ya yarda shi ya jefa irina a inji. Mutumin da ya je Makka sau biyu ba zai tsaya gaban Rabi ya ce shi ne ba.

Ka ce ƙwayar cutar ita kaɗai ba ta iya komai sai ta sami abokin haɗuwa. Yaya ya daɗe yana son kawar da kaurar nan bai sami hanya ba, sai da takardarka ta zo.

Ga hukuncin da suka yanke: bana ba mai ajiye kaurar Tsohuwa don iri, a garin nan duka. Ni dai na shiga gona da wuƙa da sandata, na bi kara ɗaya-ɗaya na yanko masu lafiya. Dami guda na samu mai kyau, yana rataye saman murhuna. Shi kaɗai ya rage tsantsa, don gayaunata ce kawai ba ta haɗa iyaka da wata dawa ba.

Ka zo. In tsoron hanya ya hana ka, mu da muke kwana a kanta Allah ne ke tsaron mu, to ka rubuta wa Yaya da sunansa. Gajeriya. Ka ce injin ne, ka ce a bar damin. Magana biyu, kada ka ƙara ta uku.

Hansai

Samaru, Zariya,
15 ga Nuwamba, 2021

Malama Hansai,

Sallama da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramar yarinyar da ta yi zazzaɓi, ta warke. Allah ya ba ki sauƙin gwiwa.

Na karɓi faɗan, na cancanta. Wallahi ladabi na nufa da ambulan ɗin. Ban amsa da wuri ba don mun fita duba gonakin gwaji, sai shekaranjiya na dawo.

Na rubuta wa Yaya, Isah zai ba shi tare da wannan. Amma Hansai, ki yi mani adalci. Mutumin nan shi ya riƙe ni a Malumfashi lokacin da nake sakandare. Ba zan iya rubuta masa baƙi da fari cewa shi ya jawo ba. Na bi ta gefe. Na ce masa injuna a wasu lokuta sukan taimaka wajen yaɗuwar irin wannan cuta, kuma masana suna ganin akwai amfani a adana tsofaffin iri idan hali ya yi. Na ce shi ne babba, duk abin da ya gani shi ne daidai. Mai hankali ne, zai gane inda na dosa. Babba ba a tura shi, sai dai a nuna masa hanya ya ga kamar shi ya gano.

Ki kwantar da hankalinki. In an yi hutun ƙarshen shekara, hanya ta lafa, zan zo mu zauna mu uku.

Naki,
Abdussamad

Ƙarfi,
5 ga Disamba, 2021

Malam Abdussamad,

Assalamu alaikum. Na ji yarinya ta warke, Allah ya ƙara lafiya. A gaida Fiddausi. Mu nan an gama girbi. Kowa lafiya.

Yaya ya gane inda ka dosa. Wannan karon bai ce a tsaya a tsakiya ba, har ƙarshe ya sa aka karanta, don ƙarshen ya fi masa daɗi. Shi ne babba, duk abin da ya gani shi ne daidai. Ya sa aka maimaita. Yanzu haka takardar tana cikin hularsa.

Ranar Litinin na tafi Funtua neman maganin irin da ka faɗa, don na nemi shagunan Malumfashi ban samu ba. Na samu. Na biya na duba Adawiyya da jaririnta, na dawo gab da magariba, yunwa kamar ta kashe ni. Najiba ta kawo mani tuwo da miyar kuka ta ajiye, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na wanke hannu na kai loma.

Ka manta ɗanɗanonta, na sani. Ni ban manta ba. Ga zaƙin nan a ƙarshen harshe, ga ƙanshin hayaƙin murhuna a ciki.

Na tashi da lomar a baki na shiga madafi. Igiya ce kawai ke lilo.

Na same shi a zaure yana alwala. Na nuna masa hannuna da tuwo a jiki. Ya ce, "Mutane sun ce a ƙone, na hana. Abinci ba a ƙona shi, Malama, ni ma ina tsoron Allah. Na sa an kai niƙa. Ba a yi asarar ko ƙwaya ɗaya ba."

Na ce, "Yaya, abin da Inna ta bar mani ne."

Ya ce, "To ai ga shi kin ci."

Sauran dawar gayaunata tuni aka casa ta a inji a haɗe da ta gandu. Washegari na ɗauki sanda na bi gidajen nan uku. Rabi ta casa tata a inji tare da farfara da wata kaurar kasuwa, duk a buhu ɗaya, rabin buhun ma ya tafi kasuwar Kafur. Ta ce in ina so in zauna in tsince. Na ɗebi tafi guda na duba, ko Tsohuwa ta dawo ba za ta iya nuna tata ba. Malam Sadiq ya sayar da tasa tun a gona, bai fito ba, ta bakin matarsa ya amsa mani. Na ƙetare rafi da wannan gwiwar na je gidan Sabo. Su kaɗai ne ba su taɓa gaya mani baƙar magana ba. Tani ta shimfiɗa mani tabarma, ta ce, "'Yar Inna, da kin zo makon jiya. An aiko mana daga gari cewa likitan Zariya ya ce irin ya mutu. Na ce to kada ya tafi a banza." Ta jiƙa shi duka ya tsira, ta shanya, za ta dafa giyar bikin kaka. Ta kai ni na gani a bayan ɗaki, shimfiɗe a rana, kowace ƙwaya da ɗan farin tsironta a bushe. Duk sun fito, Abdussamad. Ba wadda ta ƙi. Tani ta ga fuskata ta fara kuka, ni na riƙa ba ta haƙuri.

Na san abin da zai faru baɗi, don na karanta shafi na biyu. Yaya zai sayo irin kamfani. Irin kamfani da maganinsa yake zuwa a jiki, ja-ja, na gani a shagon Funtua. Gona za ta fito fes, ba burtuntuna ko ɗaya. Za a taru a ƙofar gida a ce Alhaji ya yi hangen nesa, a ce dama hannun Malama ne. Kuma ba mai iya ƙaryata su, har kai da madubinka.

Kada ka wahalar da kanka da zuwa hutun nan. Ba abin da za mu zauna mu uku a kai.

Isah zai ba ka ƙullin leda biyu. Ƙaramin maganin iri ne, ban buɗe ba, ka ba wanda ke da abin cuɗawa. Babban ƙullin garin dawar ne, abin da ya rage, na karɓe daga hannun Najiba. Na raba biyu daidai, don kakarka ce kamar yadda take kakata. Ka ba Fiddausi ta tuƙa. Kada ta haɗa da masara, kuma ta sa ruwa ya ɗan fi na kullum, kaurar nan tana sha. Ka tara yaranka su ci da zafinsa, ka gaya masu sunanta. In sun ce a ƙara, kai ne malami, sai ka yi masu bayani daki-daki.

Hansai